Kafin a sayar da fili don injin tace jini, a tsaya a yi tambaya

Kwana biyu bayan Babbar Sallar 2023, wajen ƙarfe uku na dare, matar Yayana ta buga min waya. Ta ce, "Don Allah ka zo, Yayanka ya kasa kwanciya, ya kasa zama." Na same shi durƙushe a tsakar ɗaki, ya dafe ƙahon zuci, gumi na zuba kamar an watsa masa ruwa. Ya ce ji yake kamar an soka masa mashi ta gaba ya ɓullo ta baya. Ya yi amai har babu abin da ya saura a cikinsa. Dukanmu muka yanke hukunci a take: olsa ce ta tashi, ga naman layya da ya sha soyayye. Muka sayo farin maganin nan na kemis, Inna ta jiƙa kanwa, muka zauna jiran sauƙi. Kwana biyu cur muka ɓata a haka, kuma har gobe ina jin nauyin kwanakin nan biyu a wuyana.

Da muka kai shi asibiti aka ɗebi jininsa, sai ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta ɗaga 'yar kwalbar ta nuna wa likita. Ni ma na gani da idona. Saman jinin fari ne kamar an zuba madara. Likitan ya ce mana kitse ne ya yi yawa a jininsa, shi ne ya kunna wuta a wata gaɓa da ake kira fankiriyas. Ranar na fara jin sunan.

Bari in ɗan yi bayani, don na tabbata da yawa cikin masu karatu haka suke kamar yadda nake a lokacin. Fankiriyas wata 'yar gaɓa ce mai kama da harshe, tsawonta kamar santimita 15, tana kwance a bayan tumbi. Wasu sukan kira ta saifa, amma saifa daban take, aikinsu ma ba ɗaya ba ne. Aiki biyu take yi. Tana haɗa ruwan da ke narkar da nama da mai da tsaki a cikin hanji, sannan ita ce ke samar da insulin mai daidaita sukari. Ruwan narkarwar nan ba ya farkawa sai ya isa hanji. Idan wani abu ya sa ya farka tun yana cikin gaɓar, sai ya fara cin gidan da ya fito. Abubuwa uku ne suka fi jawo haka: tsakuwar maɗaciya da ta sauko ta toshe hanya, shan barasa, da yawan kitse a jini. A cikin mutum biyar da abin ya kama, kusan huɗu sukan warke cikin mako guda da ƙarin ruwa da maganin zafi. Na biyar ɗin shi ne abin tsoro. Likitoci suna da ma'aunin da ake kira na Atlanta, wanda aka sabunta a 2012, kuma a wurinsu ciwon ya zama mai tsanani ne idan huhu ko ƙoda ko bugun jini suka gaza har tsawon fiye da awa 48. Yayana cikin wannan rukuni ya faɗa.

To, a nan ne maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ta taso. Washegarin da aka shigar da shi sashen kulawa ta musamman, wani ɗan'uwanmu da ke zaune a Turai ya turo saƙon murya a zauren WhatsApp na dangi. Da kyakkyawar niyya ya yi, Allah ya sani. Ya ce ya bincika, akwai injin da ke tace jini ya kwashe kitsen da gubar gaba ɗaya, a can haka ake yi, mu kuma mun zauna ana ta ɗura wa mutum ruwan gishiri. Kafin azahar magana ta bazu. Kawu ya ce a sa filin gadonmu a kasuwa. Matasan unguwa suka ce za su tsaya a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Aka fara neman motar da za ta ɗauke shi zuwa wani asibitin kuɗi mai nisan awanni.

Ba na ganin laifin kowa. Mu mutane ne da muka taso da maganar wanke jini. Mai ƙaho yana cewa ya fitar da mataccen jini, mai maganin gargajiya a tasha yana cewa nasa yana wanke datti. Idan aka ce maka ga jinin ɗan'uwanka ya koma kamar nono, ga kuma injin da zai mayar da shi ja, wa zai tsaya gardama? Hankali ma ya ɗauka. Amma ba duk abin da hankali ya ɗauka ne yake tabbata a gadon asibiti ba.

Allah ya haɗa mu da likita mai haƙuri. Ya kira ni da Kawu gefe, ya ce, "Baba, ku zauna in yi muku bayani, in kun ji sai ku yanke shawara." Abin da ya faɗa mana, da abin da na bi na karanta daga baya, shi ne zan taƙaita.

Da farko, abin da muke kira tace jini ba abu ɗaya ba ne. Akwai wankin ƙoda da muka sani, wanda ake yi na kamar awa huɗu a tashi. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Kolff, shi ya ƙera injin farko a 1943 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma sai a 1945 aka samu mutum na farko da ya rayu ta dalilinsa. Akwai kuma tacewa ta a hankali, wadda injin ke yi dare da rana ba tsayawa, don mara lafiyar da jininsa ya yi ƙasa har ba zai jure wankin sauri ba. Wannan a Jamus aka fara ta a 1977. Na uku shi ne musayar ruwan jini, inda injin ke ware ruwan da ƙwayoyin jini ke iyo a ciki, a zubar da shi tare da kitsen, a mayar da wani sabo. Kowane da aikinsa, kowane da kuɗinsa, kuma ba kowane asibitin da ke da na farko ne yake da na biyu da na uku ba.

Na biyu, tunanin da ya sa aka fara gwada waɗannan injina a kan ciwon fankiriyas tunani ne mai kyau. Abin da ke kashe mutum a makon farko shi ne yadda jiki ke sakin sinadaran kumburi su cika jini, su je su illata huhu da ƙoda. Sai masana suka ce, me zai hana a tace su? Likitocin ƙasar Sin sun fi kowa yin aiki a kan wannan, domin a can yawan kitse a jini na cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon. Kuma lallai injin yana yin abin da aka ce yana yi. Zama ɗaya na musayar ruwan jini yakan rage kitsen da fiye da rabi. Takardar gwaji takan yi kyau washegari.

Matsalar ita ce takardar gwaji daban, mutumin da ke kwance daban. A 2016 an wallafa wani gwaji daga ƙasar ta Sin inda aka raba marasa lafiya gida biyu, wasu aka sa musu injin tacewa, wasu aka ba su insulin da maganin tsinka jini. Kitsen ya fi saurin sauka a masu injin, amma ba su fi sauran warkewa ba, sai dai kuɗin da suka kashe ya fi yawa. A 2023 kuma wani binciken da ya haɗa asibitoci da dama a can ya duba waɗanda aka yi wa musayar ruwan jini da wuri, ya ga bai rage musu gazawar gaɓoɓi ba. Ƙungiyar masana musayar ruwan jini ta Amurka ma, a jadawalinta, ta ajiye wannan ciwo a aji na uku, wato inda amfanin abin bai tabbata ba, sai likita ya auna kowane mutum da halinsa. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Lokacin da aka kai mutum asibiti, wutar ta riga ta kama. Kwashe itacen da ya rage yana da kyau, amma ba ya mayar da abin da ya ƙone. Ga shi kuma kitsen da kansa yakan sauka cikin 'yan kwanaki idan aka dakatar da abinci na ɗan lokaci, aka ba da ruwa, aka sa insulin ta jijiya ga mai ciwon sukari irin Yayana.

Na uku, injin ba ya zuwa hannu rabbana. Sai an zura bututu mai kauri a babbar jijiyar wuya ko ta cinya, kuma ta nan ƙwayoyin cuta ke samun ƙofa. Sai an sa maganin hana jini daskarewa, wanda kan iya jawo zubar jini. Jini yakan faɗi ƙasa ana cikin yi. Injin kuma bai san na gida bai san baƙo ba, yakan tafi har da wani ɓangare na magungunan da aka ba mutum. Sannan ga hatsarin ɗaukar wanda ke numfashi da iskar asibiti a sa shi a mota awa huɗu ko biyar a kan hanyoyinmu.

Likitan ya rufe da cewa, "Ƙodarsa tana aiki yanzu, yana fitsari. Ranar da na ga ta tsaya, ni da kaina zan neme ku." Kawu ya yi shiru, sannan ya ce, "To, likita, mun bar wa Allah, mun bar maka." Aka fasa sayar da fili. Wasu a dangi sun ji haushina, har aka ce na fi son ƙasa da ɗan'uwana. Na haɗiye.

A rana ta biyar fitsarin ya ɗauke. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi nauyi, gwaji ya nuna sinadarin fotasiyam ya hau matakin da zai iya tsayar da zuciya. Likitan ya neme mu kamar yadda ya yi alkawari, ya ce yanzu lokacin injin ya yi, kuma yau ɗin nan. Abin mamaki, sai ga shi waɗanda suka fi kowa kiran a kai shi injin sun ja da baya. Inna ta fashe da kuka, ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗan nan, kar ka bari su sa masa. Duk wanda aka ɗora a kan abin nan ba ya sauka sai kabari." Na durƙusa na ce, "Inna, ki yi haƙuri, wannan ba irin na Malam maƙwabcinmu ba ne." Domin abin da ta sani shi ne masu tsohon ciwon ƙoda, waɗanda ƙodarsu ta mutu a hankali cikin shekaru, su ne ke zuwa wanki sau biyu ko uku a mako har ƙarshen rayuwa. Ƙodar da ta tsaya farat ɗaya saboda wani ciwo daban, sau da yawa takan farfaɗo idan aka riƙe mata aikin na ɗan lokaci. An yi wa Yayana wanki sau huɗu. A mako na uku fitsari ya dawo. Kuɗin da aka tara a unguwa, wanda da tuni ya tafi a motar ɗaukar mara lafiya da zaman farko a asibitin kuɗi, shi ne ya biya wannan wankin. Yau yana shagonsa, ya rame, yana allurar insulin, amma yana raye, filin kuma yana nan.

Ra'ayina ke nan, kuma ina faɗinsa da sanin cewa ni ba likita ba ne: injin tace jini gada ce da ake tsallakar da mutum a kanta idan ƙoda ta gaza, ba shi ne maganin fankiriyas ba. Kuskure biyu muke yi a zango, kuma duka biyun suna kisa. Muna bin injin da gudu lokacin da ba a buƙatarsa, saboda tsadarsa ta sa muna ganin shi ne magani na gaske. Muna kuma gudunsa lokacin da shi kaɗai ya rage, saboda tsoron da muka gada. Hatta a kan ƙodar ma, manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Faransa a 2016, ɗaya a ƙasashe da dama a 2020, sun nuna cewa gaggawar ɗora mutum a kan injin kafin alamun haɗari su bayyana ba ta rage mutuwa. Lokaci shi ne komai.

Na san akwai mai cewa, ai labarin mutum ɗaya ne ka kawo, da an yi wa Yayanka tacewar tun farko wataƙila da ƙodar ba ta tsaya ba. Magana ce da ta cancanci amsa. Labarin Yayana ba hujja ba ne, shi ya sa na kawo abin da aka gani a ɗaruruwan mutane. Kuma ban ce babu wanda musayar ruwan jini za ta dace da shi ba. Akwai mai juna biyu da kitsenta ya ƙi sauka, akwai wanda aka yi duk abin da za a yi jikinsa na ƙara lalacewa, likita na iya ganin ya kamata a gwada. Idan likitan da ke tsaye a kan mara lafiya ya faɗi haka, a saurare shi. Abin da nake ja da shi shi ne dangi su yanke wannan hukunci daga saƙon murya, su matsa wa likita lamba, ko su sace mara lafiya daga gadonsa.

Akwai kuma mai cewa ruwan gishiri da maganin zafi ai ba magani ba ne, aikin asibitin talaka ne. Nan ma akwai gyara. Abin da ake yi a manyan asibitocin duniya ke nan: ruwa daidai gwargwado, kashe zafi, fara ba da abinci da wuri da zarar ciki ya karɓa, ko ta bututun hanci, da guje wa yanka a makonnin farko. Ruwan ma da awo ake ba da shi. Wani gwaji da likitocin Sifaniya suka jagoranta, aka wallafa a 2022, sai da aka dakatar da shi kafin lokaci, domin kusan kashi 20 cikin 100 na waɗanda aka ɗura wa ruwa da yawa ruwan ya yi musu yawa a jiki, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 6 ne, kuma ba su fi samun sauƙi ba. Ka ga ashe abin da muke rainawa ma ilimi ne.

Saboda haka idan Allah ya jarrabce ku da irin wannan, matambayi ba ya ɓata. Ku wakilta mutum ɗaya mai natsuwa ya riƙa magana da likita, maimakon mutum goma kowa da tasa. Ya tambaya: ƙodar tana aiki, fitsari nawa yake yi a rana? Wane irin tacewa ake nufi cikin ukun nan, kuma me ake so a cire? Idan ba a yi yau ba, me ake tsoron zai faru? Zama nawa ake hasashe, nawa ne jimillar kuɗin har da bututu da gwaje-gwaje? Jikinsa zai jure tafiya idan sai an canza asibiti? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Sai maganar hukuma. Ba mu manta da 2023 ba, lokacin da sashen ƙoda na Korle Bu ya rufe ƙofa ga masu zuwa daga gida na tsawon watanni, aka kuma yi yunƙurin ɗaga kuɗin zama ɗaya daga sidi 380 zuwa sama da 765, har ƙasa ta ɗauki zafi. A watan Disamba na 2024 hukumar inshorar lafiya ta fara shirin wankin ƙoda kyauta, kuma wannan abin a yaba ne. Amma kyauta ba ta da amfani ga wanda injin ya yi masa nisa. Yawancin injinan suna Accra da Kumasi, alhali mai ƙodar da ta tsaya farat ɗaya ba shi da kwana uku na neman mota. Ni a ganina, kafin a yi maganar sayo injinan musayar ruwan jini masu tsada, a fara tabbatar da cewa kowane babban asibitin yanki yana da injin wanki na gaggawa da ma'aikatan da suka iya shi, kowane asibitin gunduma kuma yana iya gwajin jinin da ke gano ciwon fankiriyas a ranar da mutum ya zo. 'Yan majalisar da ke zuwa zango neman ƙuri'a, wannan ita ce tambayar da ya kamata mu ajiye musu.

Akwai wani abu da ya fi min ciwo fiye da kuɗi. Da aka ji cewa barasa na cikin abubuwan da ke kawo ciwon, sai aka fara raɗe-raɗi a unguwa, wai ashe Alhaji yana sha a ɓoye. Mutumin da ko warinta bai sani ba. Jama'a, mu ji tsoron Allah. Tsakuwar maɗaciya da kitsen jini ba ruwansu da kwalba. Irin wannan zargi shi ke sa mutane ɓoye ciwonsu. A ɗaya gefen kuma, wanda ya san yana sha, ko yana shan magungunan ɗacin nan na kwalba da ake sayarwa da sunan maganin basir ko ƙarfin maza, waɗanda da yawansu da barasa ake haɗa su, ya gaya wa likita gaskiya. Likita ba limami ba ne, ba alƙali ba ne, sirri kuma yana cikin aikinsa.

Abin da ya fi sauƙi shi ne wanda ba mu yi ba tun farko. Yayana ya shekara shida da ciwon sukari, bai taɓa gwada kitsen jininsa ba. A ma'aunin da ɗakunan gwajinmu ke amfani da shi, lafiyayyen mutum bai kamata ya wuce 1.7 ba, haɗarin fankiriyas kuma yakan yi ƙarfi idan aka haura 11. Tsakanin waɗannan lambobi biyu akwai shekaru na gargaɗi, akwai ƙwayoyi masu araha, akwai rage lemon kwalba da soye-soye. Mai ciwon sukari, mai ƙiba, mai juna biyu da aka san danginta da yawan kitse, duk su nemi a gwada su. Wanda aka ce yana da tsakuwa a maɗaciya har ta taɓa tayar masa da fankiriyas, kar ya gudu daga aikin cire ta, domin takan dawo. Sannan duk ciwon saman ciki mai tsanani da ke ratsawa zuwa baya, ga amai, ya ƙi lafawa cikin 'yan awanni, a bar kanwa a bar kemis, a nufi asibiti a daren.

Inna har yanzu idan ta ga Yayana ya miƙa hannu wajen soyayyen nama sai ta buge hannun. Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Inna, ai ƙamshin kawai nake ji." Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya haƙuri da basirar yin tambaya.